Allurar Mita da Farin Mayafin Hajiya

Ku da kuke gyaran waya a layin nan, kada ku ɗauka ban ji ku ba jiya. Ɗayanku ya leƙo teburina, ya ga tsohuwar kyamara a warwatse cikin faranti, ya ce, "Baba Lawal, har yanzu? Ba batir kawai za ka canza ba?" sauran kuma suka kwashe da dariya. Na ji haushi, ba zan ɓoye muku ba, amma ba mai yawa ba. Ku aikinku a cire ne a mayar. Gilashin waya ya fashe, a aika Kano a kawo irinsa, a manna, mai waya ya kama gabansa. Ba raina ku nake yi ba, halalinku kuke ci. Sai dai abin da nake taɓawa ba shi da irinsa a Kano, ba shi da shi a Legas, waɗanda suka ƙera shi ma jikokinsu ne a duniya yanzu. In na karya, to an gama. Tunda an ɗauke wuta kuna zaune kuna ta danne-danne, ku jawo benci in ba ku labarin aiki guda, na Malam Sule Mai Hoto, sai ku gaya mini ko canjin batir ne.

Da kaka ya zo, lokacin da manyan motoci suka cika hanyar Bakori da buhunan masara. Ɗan acaɓa ya sauke shi a bakin rumfata, ya tsaya yana laluben benci da ƙafa. Nan na san idon ya yi nisa. Malam Sule mutumin Tsiga ne, ya girme ni sosai, kuma a zamaninsa babu ƙauyen da kekensa bai shiga ba daga Malumfashi har Dandume. A bayan keken yakan ɗaure labule mai zanen gidan bene, a rataye shi a bangon zaure mutum ya tsaya a gabansa. Ya ɗauki masu suna, ya ɗauki 'yan makaranta, ya ɗauki manomin da ya sayar da auduga ya sayi babur, shi da babur ɗin. Duk tsawon aikinsa ban taɓa ganin ya kalli mitar auna haske ta jikin kyamara ba. Inuwarsa yake dubawa a ƙasa. In bakinta ya fito da kaifi ya rage ƙofar gilashi, in ta yi laushi ya buɗe. Yakan ce mita ta ragwaye ce.

Muka gaisa, ya kwance wani tsohon rawani, sai ga kyamararsa 'yar Japan, baƙin fentin kusurwoyinta ya goge har tagulla ta fito. Ya ce, "Lawal, mitar nan nake so ka tayar."

Na ce, "Malam, ta ragwaye?"

Ya ce, "Na zama rago. Likita ya ce ba yana ba ce balle a cire, hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi. Hantsi da la'asar duk ɗaya nake ganinsu yanzu."

Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Mai ɗakinsa, Hajiya Rabi, ta daɗe ba ta da lafiya, kuma mako mai zuwa za a kai ta asibiti Zariya. Tun aurensu bai taɓa ɗaukar ta hoto ba. Da farko kunya ce, ba za ta zauna ta ɗaga ido ta kalli mijinta ba. Daga baya kuma sai gobe, sai bayan Sallah, sai an gama girbi. In ka cire na fasfo da na'urar ofis ta ɗauka, irin wanda mutum ke fitowa kamar an kama shi da laifi, ba ta da hoto ko ɗaya a duniya. 'Ya'ya da jikoki sun yi ta fakon ta da waya, tana ganin an ɗaga sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ita ba za a riƙa yawo da ita a aljihun mutane ba. To, ranar nan da kanta ta kira shi ta ce, "Malam, ka ɗauki mutanen Tsiga kaf har da shanun nomansu. In kana so, ɗauko tsohon akwatin naka ka ɗauke ni, kai da hannunka." Wani ɗan'uwansu ya aiko da nadin fim guda daga Legas, kuma can za a mayar a wanke, don duk yankin nan babu sauran mai wankin fim. Babu lokacin gwaji ke nan, babu na sakewa.

Bari in gaya muku mece ce mita, tunda wayarku ita ke yi muku komai ba ku sani ba. Kyamarar fim ba ta nuna maka abin da ka ɗauka sai an wanke. Wannan 'yar tagar da ke samanta, mai siririyar allura a ciki, ita ke gaya wa mai hoto yawan hasken da ke gabansa, ya san zai buɗe ko zai rage. In ta yi ƙarya hoto ya fito baƙi ƙirin ko fari fat, kuma ba za a sani ba sai taro ya watse kowa ya koma garinsu. Abu uku ne a cikinta. Akwai ido, wata 'yar ƙwaya kamar wake a kafaɗar kyamarar. Akwai batir. Sai allurar kanta, tana zaune kan nadin waya da ya fi gashin kai siranta, a tsakiyar maganaɗisu, da ɗan sifirin irin na agogon hannu yana mayar da ita gida. Shi ya sa a da masu gyaran agogo ne ke taɓa ta.

A wurin mai agogo na koya ni ma, marigayi Malam Ilu, Allah ya jiƙansa. Babana manomi ne, ya ga ba ni da ƙirjin huɗa amma ina da siraran yatsu, ya kai ni ya danƙa. Na daɗe a rumfar nan aikina shara da maganaɗisu, ina tsinto ƙananan sukurori da suka faɗi cikin ƙasa. Malam Ilu ba ya duka, amma dokokinsa sun fi duka. Ba a cin goro a kan teburi. Wanda ya ci ƙuli-ƙuli ba ya taɓa komai sai ya wanke hannu da toka. In an buɗe mita ba a numfashi a kanta, ka juya kai gefe ka shaƙa ka dawo. Kayan aikin da kuke gani a gabana rabinsu nasa ne. Waɗannan sukundirebobin da kanmu muka zarta su daga wayar ƙafar keke, don na kanti sun yi wa sukurorin kauri. Matsefatar nan ta tagulla ce, ba don ado ba. Ta ƙarfe in ta matso kusa maganaɗisu zai fizge ta daga hannunka ta faɗa kan nadin wayar, shi ke nan ka kashe mita. Ga gashin zabo na share datti, ga farin farantin tasa don ko ƙaramin sukuru ya faɗa a gan shi.

Mita ta farko da ya bari na taɓa ta wani mai hoto ce daga Dandume. Allurar takan tashi ta kai rabi ta maƙale. Na duba na duba ban ga komai ba, na ce a sa mata mai. Malam Ilu ya ce in na sa mata mai shi kuma zai sa ni a mota in koma gona. Ya miƙo mini gilashin idonsa, sai ga wani ɗan ɓarɓashin ƙarfe, bai kai ƙwayar gishiri ba, ya manne a jikin maganaɗisu yana tare mata hanya. Da ƙayar aduwa da aka dangwala wa ɗan ƙaro na ciro shi. Shi kuma yana gefe yana gyaran agogon wani kamar bai san ina yi ba.

To, na buɗe ta Malam Sule. Ramin batirin ya yi kore shar, don tsohon batirin da kamfani ya sa yana nan a ciki tun ranar da aka saye ta, ya fashe ya zubar. Tsatsar ta bi waya ta ciki ta cinye ta, ina taɓawa ta marmashe. Wannan ba wani abu ba ne. Na kankare ramin, na wanke da ɗan ruwan tsami, na zaro sabuwar waya daga matacciyar iyafis, na liƙa da dalma. Na hura wa allurar iska kaɗan daga nesa, ta motsa ta koma gida lafiya. Na yi hamdala, don da nadin wayar ne ya tsinke da sai dai in ba Malam haƙuri. Sai maganar batir, wadda kuke ganin ita ce mai sauƙin. A kan batirin nan na taɓa rasa sana'ata ɗungurungum.

Masu hoto na da suna kiran shekarar da shekarar baƙin hoto. Malam Ilu bai daɗe da rasuwa ba, rumfa ta dawo hannuna. Batirin da mitocin nan suka saba da shi na zaiba ne, ƙarfinsa ba ya hawa ba ya sauka har ya mutu. Sai aka daina yin sa, wai guba ne, wani ya shigo kasuwa mai kama da shi sak, yana shiga rami ɗaya. Kowa ya saya ya sa. Aka yi Babbar Sallah, aka ɗauki mutane cikin sababbin shaddodi, aka kai wanki, hotuna suka dawo sai riga da hula, fuska babu. Masu hoto suka yi mini caa a rumfa. Na buɗe, na goge, ban ga ciwo ba, na mayar musu. Suka sake dawowa da wasu baƙaƙen. Magana ta zagaya cewa hannun Lawal bai kai na maigidansa ba, aka fara ɗaukar kyamarori ana kai su Kaduna, can ma haka suke dawowa, amma ni aka riga aka ɗora wa. Damina ta faɗi teburina babu ko agogo. Na sayar da kekena, na rufe rumfa, na koma gonar babana ina bin shanun aro. Wallahi na sha wuya a shekarar, kuma abin da ya fi cin raina ban san laifin da na yi ba.

Wani abokina mai gyaran rediyo ne ya warware. Ina zaune wurinsa ina ƙorafi, ya ce in kawo batiran biyu, tsoho da sabo. Ya ɗora su kan ma'auninsa, sai ga sabon ya ɗara tsohon ƙarfi da ɗan kaɗan. Ɗan kaɗan ɗin nan shi ke tunzura allura ta ga hasken da babu, mai hoto ya rage ƙofa, fuska ta nutse. Ya tono wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa daga allon matacciyar rediyo, dayod, ya ce in saka shi a kan hanyar wayar zai shanye rarar. Muka yi ta gwada iri-iri har muka dace da wanda ke shan daidai, muka haɗa shi da batirin agogo mai kyau wanda ƙarfinsa ke tsayawa. Kafin kaka na sake buɗe rumfa. Waɗanda suka zage ni suka dawo, babu wanda ya ce yi haƙuri, ni ma ban nema ba. Irin wannan dayod ɗin na saka wa Malam Sule, na lanƙwasa ƙafafunsa na kwantar da shi a wani lungu ƙarƙashin murfin ƙasa.

Da a nan aikin ya ƙare da na yarda da ku. Akwai wani abu da ba ya cikin littafin kamfani, mu a nan muna ce masa karkata. Waɗanda suka ƙera mitocin nan sun koya musu cewa duk abin da ke gabansu, in aka gauraya shi, toka-toka ne. To mu kuma mutum ne baƙi, ya sa farar babbar riga, ya naɗa farin rawani, ya tsaya a rana. Mita ta ga fari ya cika mata ido, ta ce haske ya yi yawa, a rage. Riga ta fito tsaf har ɗinkin wuya, mai rigar ya ɓace. Akwai lambar da mai hoto zai iya juyawa ya gyara da kansa, amma a tsakiyar hayaniyar suna wa ke tunawa? Saboda haka duk kyamarar da ta shigo hannun Malam Ilu sai ya karkatar da ita daga ciki. Akwai ɗan sukurun saiti a bayan allura, shi yake juyawa, ya ɗiga masa jan fenti, alamar wannan ta zama 'yar gida. Ni ne ma'auninsa. Ya sa mini farar rigarsa, ya tsayar da ni a rana, ya kawo kyamara dab da kuncina ya karanta, ya ja da baya inda mai hoto ke tsayawa ya sake karantawa. Sai ya ajiye allurar a tsakanin biyun, amma ta fi kusa da fuska. Yakan ce ba wanda ke biyan hoto don ya ga rigarsa, tana nan a akwati. Rabin kyamarorin Funtuwa na wancan lokacin a kan fuskata aka saita su.

Ta Malam Sule ba ta da jan fentin, tunda bai taɓa kawo mitarsa ba. Idonta kuma ya tsufa, ya ɗan yi nauyin gani. Na fara daidaita ta da tsohuwar mitar hannu ta maigidana, sannan na ce, "Malam, me Hajiya za ta sa?"

Ya zaro leda daga aljihun riga. Farin mayafi ne, wanda ta zo da shi daga Makka. Ya ce ta ce shi ko a fasa.

Na ce, "To, sai ka gafarce ni. Launin fatarta fa?"

Kun san wannan ba tambayar da ake yi wa dattijo ba ce. Ni ban taɓa ganin ta ba, ko na je gidan daga zaure nake gaishe ta. Ya sunkuyar da kai yana murza hula. Ya ce, "Ta fi ka duhu." Na ce kamar yaya. Ya ce, "Ta fi ni ma." Ya yi ta kewaye-kewaye, can ya ce, "Ka san Audu mai awon hatsi a bakin kasuwa? Ƙanenta ne, ciki ɗaya. Kamar an tsaga kara."

Aka kira Audu. Dattijo ne shi ma, da furfurarsa da jikokinsa, ya zo da ƙaiƙayi a riga yana tambaya lafiya. Da ya ji abin da ake so ya yi, ya dubi Malam Sule ya ce, "Mijin Yaya, ka raina ni tun ina yaro, yau kuma mayafi za ka yafa mini a tsakiyar Funtuwa?" Malam Sule ya ce, "Ai gwamma kai, ko banza ka fi kyau a rufe." Kun san wasan miji da ƙanen mata, ba ya tsufa. Suka yi ta yi, amma da aka ce don Hajiya ne sai Audu ya cire hula ya ce ya yarda. Na tambayi Malam inda za ta zauna, ya ce gindin bangon ɗakinta da hantsi, a inuwa, don ba ta iya rana. Washegari da hantsi muka zagaya bayan rumfa inda bangon ƙasa yake, muka zaunar da Audu kan turmi, muka yafa masa mayafin yayarsa har goshi. Wani mai baro ya leƙo ya gani, ya koma da baya ba sallama. Na auna a kuncin Audu, na ja baya na auna, na juya sukuru, na sake. Mayafin fari ne ƙal, sai da na karkata ta fiye da yadda na taɓa yi wa wata. Audu yana zaune, idonsa ya kawo ruwa, ya ce ƙamshin turarenta ne a jiki.

Saura matsala guda, wadda ban taɓa cin karo da ita ba. Na miƙa wa Malam kyamara ya duba tagar, ya kai ta har bakin hanci, ya ce, "Lawal, ban ga allura ba." Mita ta tashi, mai ita ba ya ganin ta. Na aro jan farce wurin mai kanti na ɗiga a kan allurar. Ɗigon nan da ba ya da nauyin komai sai ga allura ta sunkuya, duk saitin da muka yi ya tashi a banza. Dole na sake ɗiga wani a wutsiyarta ta baya, ina ƙarawa da bakin ƙaya ina kankarewa, har ta tsaya daidai ko an kwantar da kyamarar ko an tayar. Aka sake kiran Audu, ya zo yana mita ya sake yafawa. Na ciro gilashin ƙara girma daga wata matacciyar kyamara na liƙa a kan tagar, na shafa farin fenti mai faɗi inda allurar za ta tsaya. Ya duba ya ce, "Na ga ja, na ga fari." Na ce, "Ka yi ta juya zoben ƙofar gilashi, in ja ya hau fari ka latsa." Don kada hoton ya yi dishi-dishi kuma, na zarta ɗan gurbi a zoben saitin nisa yadda farcensa zai ji, na yanka masa igiya na ƙulla ta daidai wannan nisan. A riƙe ƙullin a haɓarta, ɗaya bakin a jikin kyamara, a saki, a ɗauka.

Da zai tafi na ce, "Malam, fim ɗin nan yana da yawa. Ka ɗauka yadda allura ta ce, ka buɗe kaɗan ka sake, ka rage ka sake. Ko ɗaya ya ƙi, wani zai yi." Ya ce to.

Ranar kasuwa ya dawo don in cire fim ɗin in ba direban Legas. Na ce an dace? Ya ce, "Sau ɗaya." Na ce kamar yaya sau ɗaya? Ya ce tana jin ƙarar latsawa ta dafa bango ta miƙe, ta ce hoto ta ce, ba hotuna ba, ta shige ɗaki. Ragowar jikoki ya ɗauka da awaki. Na shiga lissafin duk inda zan iya yin kuskure, ko karkatar ta yi yawa mayafin ya ƙone ya haɗiye ta, ko ba ta isa ba, ko jan farcen ya ƙara bushewa ya sauya nauyi. Na naɗe fim ɗin cikin baƙar leda na kai tasha da kaina.

An kai Hajiya Zariya, ta yi kwanaki, aka dawo da ita gida. Fim bai dawo ba Allah ya yi mata rasuwa. Na je Tsiga gaisuwa, na zauna a zaure cikin mutane, ni da Malam ba wanda ya ta da maganar hoto. Audu ne ya rako ni bakin hanya, ya ce, "Lawal, zai fito kuwa?" Na ce sai abin da Allah ya yi.

Bayan sadakar arba'in sai ga Malam Sule a rumfa da ambulan a hannu, ba a ko buɗe shi ba. Na ce ai da ya ba yara sun duba masa. Ya ce, "Yara ko baƙin allo suka gani za su ce Baba ya yi kyau. Kai kuwa ba ka iya daɗin baki ba, shi ya sa na zo."

Na wanke hannu na yage bakin ambulan. Jikoki, jikoki, awaki, wani ya fito ba kai. Nata yana can ƙarƙashin sauran. Na ji nauyin ɗaga ido in ƙare wa matar mutum kallo yana zaune a gabana, sai na fara da abin da na sani. Na ce, "Bangon ya fito. Mayafin ya yi haske sosai, amma ana ganin ninkinsa a kafaɗa."

Ya ce, "Lawal, mayafin yana gida. Ita fa?"

Na duba. Tana zaune kan kujera 'yar tsugune, ta rame, hannayenta a kan gwiwa. Fuskar ta fito sarai, goshi da kunci da haɓa, har kwallin idonta, har 'yan tsagar da aka yi mata tun tana jaririya. Na gaya masa haka ɗaya bayan ɗaya. Ya karɓi hoton ya kai kusa da ido, ya matsar, ya karkata shi wajen haske. Na san fari kawai yake gani da duhu a tsakiya. Ya miƙo mini.

Ya ce, "Murmushi take yi?"

Na so in ce e. Na ce, "A'a, Malam. Ta ɗan karkata kai, ta ɗage gira guda. In ba ka ji haushi ba, harararka take yi."

Ya yi dariya har kafaɗunsa na girgiza, sannan ya sa bakin rawani ya share ido. Ya ce, "Na daɗe ina juya zoben ne, ja ya ƙi hawa fari, ita kuma ta gaji da zama." Ya laluba hannuna ya karɓi hoton, ya sa a aljihun ƙirji ya dafe. Ya ce, "To, ita ce. Kira mini ɗan acaɓa."